Tambayi Sista: Wai da gaske ana feƙe ƙashin fuska ta koma irin ta mace?

Salamu alaikum jama'ar wannan fili. Saƙo biyar na haɗa wannan karon don duk hanya ɗaya suka bi, kuma tun kafin wani ya ɗaga waya ya kira edita bari in faɗa, ni ma'aikaciyar ɗakin tiyata ce, wuƙa da zare da ƙashi su ne sana'ata, a kansu zan yi magana.

TAMBAYA: Sista barka da aiki. Ni ɗaliba ce a makarantar nas aji biyu. Ina ganin hotuna a Instagram na masu sauya jinsi a ƙasashen waje, wato wanda aka haifa namiji ya koma rayuwa a matsayin mace, sai a jera hoton da da na yanzu, wallahi kamar ba mutum ɗaya ba. Ƙawata ta ce hoda ce da filta, wata ta ce maganin homon ne, ni kuma na ce dole akwai tiyata. Wa ya fi gaskiya? Daga ɗaliba a Zariya.

AMSA: Ɗiyata in da alkawarin tsire kuka yi to ke za a saya wa. Filta na nan, hoda na nan, amma akwai abin da hoda ba ta iya rufewa. Homon ɗin mata da suke sha, istrojin, wato sinadarin da ke ba jiki siffar mace, yana sa fata laushi yana tara ɗan kitse a kumatu, amma ƙashin da ya riga ya gama girma lokacin balaga ba ruwansa da ƙwaya, ko shekara goma za a yi ana sha yana nan yadda testosteron, homon ɗin maza, ya gina shi. Gemu ma ba ya tafiya sai an bi shi da leza ko lantarki, murya kuwa in ta buɗe ta buɗe kenan. Shi ya sa aka koma kan ƙashin kansa.

Yanzu sa yatsa a girarki ki shafa sama zuwa goshi, sai ki je ki saci kallon babanki ko yayanki ta gefe yana shan shayi. Za ki ga saman idonsa akwai wani tudu da ya turo gaba kamar rumfar shago, idon ya ɗan shige ciki, goshin kuma ya kwanta baya, naki kuwa yawanci a tsaye yake sumul. Mutane suna ɗauka hanci ko leɓe ne ke nuna mace da namiji, alhali ido goshi yake fara karantawa tun mutum na nesa kafin ma ka san ka karanta.

Wanda ya fara ɗaukar abin a matsayin fanni wani likita ne a San Faransisko ta Amurka, Douglas Ousterhout, a 1982 aka turo masa mai neman aikin ta farko. Shi asalinsa mai gyaran ƙoƙon kan yaran da aka haifa da nakasa ne, fannin da Paul Tessier na Faransa ya kafa a shekarun 1960. Da aka kawo masa wannan buƙata sai ya je ya zauna da ɗaruruwan ƙoƙon kawunan mutane da aka adana don karatu yana aunawa, ina na maza ya bambanta da na mata, a 1987 ya fitar da rubutunsa kan goshi inda ya kasa shi gida uku, har yau kuma da wannan rabon ake magana.

Matsalar goshi ita ce tudun nan ba dunƙulallen ƙashi ba ne. A bayansa akwai kogo, ramin iska da ke haɗe da hanci, shi ne wanda in mura ta kama ki kike jin goshi ya yi nauyi in kin sunkuya. Bangon gaban kogon siriri ne, 'yan milimita ne kawai. To in mutum ya yi sa'a ƙashinsa mai kauri ne ko kogon ƙarami ne ko babu shi ma, sai a goge tudun da injin gogewa a tashi, wannan shi ne nau'i na ɗaya kuma su ne 'yan kaɗan. Na biyu a goge kaɗan a cike saman da wani abu kamar siminti na ƙashi don ya daidaita. Na uku wanda akasari shi ake yi, ba a isa a goge ba don za a ɓula kogon, sai dai a yanke bangon gaban gaba ɗaya a ɗauke shi kamar murfin tukunya, a gyara shi a kan tebur, a goge gefen ramin ido, a mayar da murfin ya ɗan shige ciki a ɗaure da 'yan faranti da sukurori na ƙarfen taitaniyom ko siririyar waya. Shi ya sa ba a shiga sai an yi sikanin CT, wato hoton cikin ƙashi da na'ura, an ga girman kogon, wasu har da kwamfuta suke tsara yankan a buga musu ma'auni da za su ɗora a kan ƙashin.

Za ki ce ta ina ake kai wa ga ƙashin ba a tsaga fuska ba? Ta cikin gashi. Wannan kam na tsaya a kai da kaina ba sau ɗaya ba, a kan masu hatsari. Ba na manta wani ɗan acaɓa da ya daki bayan tifa goshinsa ya lotsa kamar gwangwanin madara, likita ya ja wuƙa daga saman wannan kunne ta tsakar ka zuwa wancan, a karkace kamar haƙoran zarto don gashi ya rufe tabon daga baya, muka jera 'yan maƙalai a bakin yankan saboda fatar kai akwai jini, sannan aka zame fatar goshin gaba ɗaya aka kifa ta kan fuska kamar an ja wa mutum hula ta rufe masa ido. Ranar farko da na gani sai da na jingina da bango. Gutsattsarin ƙashin muka zuba a ɗan kwano da ruwan gishiri, sukurorin kuwa ƙanana ne kamar ƙwayar shinkafa, in ɗaya ya faɗi ƙasa sai an durƙusa da tocila, kuma dole mu ƙirga su kafin da bayan aiki. To wannan hanyar dai ita ce ake bi a wancan aikin, bambancin kawai shi ɗan acaɓa mayar masa da goshinsa ake yi, su kuma sabon fasali ake nema.

In goshin ya yi faɗi ko sanƙo ya fara ci ta gefe, sai a yi yankan a daidai bakin gashi a jawo fatar kai gaba kamar santimita 1 zuwa 2 a yanke rarar, a ɗaga gira a lokaci guda, wasu kuma dashen gashi suke yi. Sauran ƙananan aiki ne in aka kwatanta, a rage hanci a ɗan ɗaga kansa, a yanke 'yar fata a ƙarƙashin hanci don leɓen sama ya ɗago, a ɗebo kitse daga ciki ko cinya a zuba a kumatu duk da wani kason jiki yana shanye shi. Muƙamuƙi da haɓa kuma zan zo kansu a ƙasa.

TAMBAYA: Anti Sista ina gaisuwa. Ina aikin kula da tsofaffi a Ingila, akwai wata abokiyar aikina baturiya mai sauya jinsi da za ta je Sifen a yi mata aikin fuska gaba ɗaya, ta roƙe ni in riƙa leƙa ta in ta dawo tunda ba ta da kowa, kuma mutuniyar kirki ce ta sha riƙe min aiki in yarona ba lafiya. Ni tsoro nake ji kar wani abu ya faru a hannuna. Me ya kamata in sa wa ido? Daga 'yar uwarku a Manchesta.

AMSA: 'Yar uwa sannu da zaman turai. Abu na farko ki shirya zuciyarki don abin da za ki gani ba shi ne na Instagram ba. In aka haɗa goshi da hanci da muƙamuƙi da wuya a zama ɗaya ana iya shafe awa 6 zuwa 10 a kan tebur, kumburi kuma ya fi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku, ido ya rufe ya yi baƙi, fuska ta zama kamar an hura balan-balan. Zuwa sati biyu ko uku mutum zai iya fita, amma ainihin fuskar ba ta zama sai an doshi shekara, haɓa da kan hanci su ne 'yan baya wajen sacewa. A hannun ƙwararru manyan matsaloli ba su cika faruwa ba kuma akasarin waɗanda aka yi wa suna cewa sun gamsu, wannan gaskiya ne ba zan ɓoye ba, amma ƙanana kam kusan kowa sai ya ɗanɗana.

Na farkonsu mutuwar fata, wato ta daina jin taɓawa. Shafa ƙashin saman idonki ta wajen hanci za ki ji wani ɗan gurbi da in kin danna yana zafi, to nan wata jijiyar ji take fitowa ta hau goshi har tsakar ka, yankan nan na cikin gashi yana tsinka rassanta, sai mutum ya yi watanni yana taje kai ba ya jin matajin, daga baya ya koma ƙaiƙayi da tsira kamar tururuwa na yawo, wannan alamar tana dawowa ne. Jijiya a hankali take tsiro, kamar milimita 1 a rana, ba a yi mata gaggawa. Ki hana ta sa abin busar da gashi mai zafi ko ruwan zafi a wajen don za ta ƙone ba ta sani ba. Akwai wata jijiyar kuma ta motsi da ke bi ta gefen ido sama da kunci, ita ke ɗaga gira, in aka ja ta sai gira ɗaya ta kwanta ta ƙi tashi, yawanci tana farfaɗowa, in an yanke ta ne kuwa sai haƙuri. Gashi ma yana zubewa a gefen ɗinkin bayan 'yan makonni, akasari ya dawo, wani lokaci ya bar layi fari fat.

Leɓen ƙasa shi ne abin da ya fi damun mutane. Kin taɓa zuwa cire haƙori aka yi miki allura kika dawo gida kina kurɓar shayi yana zuba a riga ba ki sani ba? To haka, amma na makonni ko watanni. Dalili, aikin muƙamuƙi ta cikin baki ake yinsa, a tsaga tsakanin dasashi da kunci, a yanke kusurwar muƙamuƙin ta baya a goge gefensa, haɓa kuma a yanka ta a kwance a cire wani yanki a tsakiya a haɗe biyun ta tsuke a ɗaure da faranti. Jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji a cikin ƙashin take tafiya ta fito ta wani ɗan rami ƙarƙashin haƙoran gefe, zarto kuma 'yan milimita ne tsakaninsa da ita. Ko ba a taɓa ta ba jan da ake yi wa nama ya isa ya sa ta yi fushi. Ga kuma baki ba waje ne mai tsabta ba, don haka kurkure baki da maganin da aka ba ta bayan kowane abinci ba wasa ba ne, abincin ma mai ruwa-ruwa, ki dama mata kunu ko ki yi mata fate mai laushi, ba ruwanta da nama sai likita ya ce.

Kar ta fyace hanci na wasu makonni, in atishawa ta zo ta buɗe baki, saboda iska na iya bi ta kogon goshin nan ta shige ƙarƙashin fata.

Yanzu ga waɗanda in kin gani ba jira ba shawara, motar asibiti za ki kira. Gefe ɗaya na fuska ko wuya ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri, jini ne ke taruwa, kuma a ƙarƙashin muƙamuƙi yana iya danne hanyar numfashi. Zazzaɓi da ja da mugunya ko wari daga ɗinki. Ruwa garau kamar na famfo yana ɗiga ta hanci musamman in ta sunkuya, mai ɗan gishiri-gishiri a maƙogwaro, ga ciwon kai, wannan yana iya zama ruwan ƙwaƙwalwa ne in an taɓa bangon bayan kogon, ba kasafai ba ne amma ƙofar sanƙarau ce. Gani ya ragu ko ya rabu biyu. Sai kuma wanda ni na fi tsoro a irin tafiyar nan, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo a sha raɓa, ko numfashi ya riƙa sarƙewa da ciwon ƙirji, gudan jini kenan. Dubi abin da ya haɗu mata, doguwar tiyata, ga istrojin da dama yana ƙara daskarewar jini, ga kwanciya, ga zaman jirgi. Likitoci sun rabu kan ko a dakatar da homon kafin aiki ko a bari, wannan tsakaninta da likitanta ne, ke dai naki ki tashe ta ta riƙa zagaya ɗaki, kuma kar ta hau jirgi sai sun sallame ta da bakinsu. In tana shan taba ta ajiye tun makonni kafin aiki, taba na kashe bakin ɗinki.

Akwai kuma mai zuwa a makare wanda ya kamata ita ta sani. In hanyar da kogon goshi ke zubar da majina cikin hanci ta toshe, majinar na taruwa a hankali ta zama ƙunshi tana cin ƙashi har ta tura ido, kuma yana iya ɗaukar shekaru kafin ya nuna. Don haka ta karɓi takardun aikin da hoton sikanin ta adana, duk ranar da ciwon goshi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ta gaya wa likita an taɓa buɗe wajen. Masu ɗan shekaru kuma in aka rage ƙashi fata takan yi yawa ta zubo ƙarƙashin haɓa, kamar an rage wa mutum jiki an bar shi da tsohuwar riga, sai an sake komawa an ja ta.

Ɗaya abin da ba a rubutawa a takardar sallama, sati na biyu zuwa na uku mutane da yawa suna shiga damuwa, ta kalli madubi ba ta ga tsohuwar fuskar ba ba ta ga sabuwar ba, ga kuɗi sun tafi, a Amurka aikin nan dubban daloli ne masu yawa shi ya sa ma ake tafiya Sifen da Tailan da Turkiyya. In kin same ta tana kuka ba sai kin ce komai ba, ki zauna dai ki miƙa mata kofin kunun.

TAMBAYA: Sista ni tambayata gajeriya ce, zakaran wuya ana iya cire shi? Mun yi musu a majalisa. Daga wani tela a Maraɗi.

AMSA: Malam tela ba a cire shi, in aka cire da me za ka yi magana? Zakaran wuya gaban akwatin murya ne, guringuntsi ne mai kama da littafin da aka buɗe rabi aka juya bayansa waje, a maza kusurwar ta fi tsini shi ya sa yake turowa. Abin da ake yi aske tsinin sama, tun 1975 likitoci biyu Wolfort da Parry suka bayyana yadda ake yi. A tsaga kamar santimita 2 zuwa 3 a cikin lanƙwasar wuya ko ƙarƙashin haɓa a kankare da wuƙa, in mutum ya manyanta guringuntsin ya zama ƙashi sai da inji. Kai da kake tela ka san abin da ake nufi da almakashi ya wuce alli, to igiyoyin murya daga ciki a jikin wannan guringuntsin suke manne, wajen tsakiyarsa, in aka zarce ƙasa aka taɓa maƙalinsu sai su saki, murya ta dishe ta ƙara kauri, akasin abin da aka je nema, gyaranta kuma wahala ne. Shi ya sa wasu likitocin suke zura kyamara ta maƙogwaro su soka allura daga waje su ga daidai inda igiyar take kafin su yanka. Kuma ka gaya wa 'yan majalisa askin ba ya sa murya ta zama siririya, wannan aiki ne daban.

TAMBAYA: Hajiya da girmanki me ya kai ki kawo irin wannan magana a mujallar da iyalanmu ke karantawa? Wannan ba canja halittar Allah ba ne? Daga wani magidanci a Gusau.

AMSA: Alhaji na gode, kuma ban ga laifinka ba. Hukunci na malamai ne kuma sun yi magana, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, a Makka a 1989 ta ce wanda halittarsa ta cika namiji ko mace ba ya halatta ya sauya, amma mata-maza, wanda littattafan fiƙihu ke kira khunsa, a yi masa magani a daidaita shi zuwa ɓangaren da ya rinjaya. A nan akasarin malaman Sunna suke. Iran kuma ta bi wata hanya tun fatawar Khumaini a shekarun 1980, ana yin aikin sauya jinsi a can da izinin hukuma. Mu a nan muna yawan cakuɗa abubuwa uku, mata-maza daban, 'yan daudu daban, masu sauya jinsi daban, kuma cakuɗawar ta fi cutar da yaran da aka haifa mata-maza waɗanda iyaye ke ɓoyewa don kunya har lokacin taimako ya wuce.

Dalilina na amsawa kuwa, wadda ta fara tambaya nas za ta zama. Wata rana za a turo mata mutum a gadon asibiti da faranti a goshi, ko hatsari ne ya sa ko wani abu, ba za ta tambaye shi dalili kafin ta sa masa ruwa ba. Kuma ilimin ɗaya ne da wanda ake gyara fuskar yaran da cutar noma ta ci, wato ciwon nan mai cin naman baki da kunci, a asibitin noma na Sakkwato, da na masu hatsarin mota a manyan asibitocin koyarwa, hannu ɗaya ne kayan aiki ɗaya.

TAMBAYA: Sista don Allah ki ɓoye sunana. Ni mace ce shekarata 26, muƙamuƙina yana da faɗi, tun ina makaranta ake tsokanata wai fuskar maza gare ni, har wani saurayi ya taɓa faɗa min cikin wasa. Na ga ana tallan aikin rage muƙamuƙi a waje kuma ina da 'yan kuɗin gadona. Ki ba ni shawara. Daga Kano.

AMSA: Ƙanwata shi wannan saurayin Allah ya raka taki gona. Amma tunda tambaya kika yi ba lallashi kika nema ba, bari mu yi maganar.

Aikin da kike gani shi ne dai wanda na bayyana a sama, ta cikin baki, kuma mata da yawa da ba ruwansu da sauya jinsi suna yinsa, a Koriya ta Kudu ma kasuwa ce guda. A can ne a 2016 wani ɗan jami'a Kwon Dae-hee ya shiga wani asibitin kwalliya a Seoul don a rage masa muƙamuƙi, jini ya ɓalle, likitan kuma yana zagaya ɗakuna yana aiki kan mutum fiye da ɗaya a lokaci guda, aka bar shi a hannun mataimaka, bayan makonni ya rasu. Mahaifiyarsa ce ta samo bidiyon kyamarar ɗakin ta yi ta bibiya, har a 2021 majalisarsu ta yi dokar sa kyamara a ɗakin tiyata, ta fara aiki a 2023. Bayan kusurwar muƙamuƙi akwai manyan hanyoyin jini kuma likita ta ɗan rami yake leƙe, in ɗaya ta fashe kamawa ba sauƙi. Don haka tallan da ya ce miki kwana uku ki dawo gida, ki wuce shi.

Kafin ma a kai nan, ki tabbatar ƙashi ne. Cije haƙoranki da ƙarfi ki taɓa gefen kuncinki ta wajen kunne, in kin ji wani nama ya taso ya yi tauri kamar dunƙulen hannu, to tsokar tauna ce, tana girma ga masu cin cingam kullum da masu cizon haƙora cikin barci, ita kuwa ba ta buƙatar zarto, allurar Botox mai sassauta tsoka a hannun likitan da ya san wajen tana rage ta na 'yan watanni sai a sake. In kuma kin lura muƙamuƙin ƙaruwa yake yi yanzu da girmanki, zobe ya daina shiga, takalmi ya matse, haƙora suna buɗewa, to ba maganar kwalliya ba ce, gwajin homon za a yi miki don akwai wata 'yar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da kan jawo haka. Haka in akwai gashi a haɓa da rikicewar al'ada, likitan mata za ki fara gani. Kuma duk wanda ya ce zai yi miki allurar cike fuska a shagon gyaran gashi ko ɗakin otal ki gudu, silikon na ruwa in ya shiga nama ba ya fita sai da yanka.

In duk an duba ƙashin ne kuma kin dage, likitan tiyatar muƙamuƙi da fuska za ki nema, muna da su a asibitocin koyarwa nan gida, ko ba su za su yi ba su duba ki su yi hoto su gaya miki inda jijiyarki ta bi. Ki san jininki, in akwai sikila dole mai sa barci ya sani tun kafin ranar. Sannan mu baƙaƙen fata muna da namu, tabon nan mai tasowa ya yi tudu yana ƙaiƙayi, kiloid. Cikin baki ba ya cika yi, amma duk yankan da zai fito waje, ƙarƙashin hanci ko wuya ko bakin gashi, sai an yi lissafi da shi, hotunan turawan da kike gani ba za su nuna miki wannan ba. Ki duba hujin kunnenki da tabon allurar rigakafi a kafaɗarki, ki tambayi Mama ko akwai mai irin tabon a dangi, sai ki sake rubuto min da abin da kika gani da kuma sakamakon cizon haƙoran.